Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Nazarin Dokar Tattalin Kayan Al'umma ta Jihar Masacusets

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dokar da jihar Masacusets ta ƙasar Amurka ta kafa a shekarar 2000, wadda ta ba garuruwa damar ɗora ɗan ƙari a kan harajin gidaje da filaye, jiha kuma ta cika musu daga nata asusun. Da kuɗin ake sayen filayen da ba a so gini ya cinye, a gyara gine-ginen tarihi, a samar da gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi, a kuma gina wuraren wasa. Maƙalar ta bi asalin dokar, da hanyar da kuɗin ke shiga da fita, da shari'o'i biyu da suka taso a kanta. Abin da take son nunawa shi ne, ƙarfin dokar yana cikin asusun da gari ya tara da kansa, rauninta kuma yana cikin cikon da jiha ke bayarwa, domin kowa ke zuba kuɗi a asusun jihar, amma wanda ya fi dukiya shi ya fi kwasa.

Gabatarwa



Jihar Masacusets tana arewa maso gabashin Amurka, babban birninta Boston. An raba ƙasarta gaba ɗaya gida 351, birane da garuruwa, kuma babu taƙi ɗaya na ƙasa da ba ya ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Yawancin ƙananan garuruwan har yau da taron gari suke gudanar da mulki: masu ƙuri'a su hallara a ɗaki guda, a karanto kasafin kuɗi, a yi muhawara, a ɗaga hannu. Babbar hanyar samun kuɗin waɗannan garuruwa ita ce harajin gidaje da filaye.

A 1980 masu jefa ƙuri'a na jihar suka ɗaure hannun garuruwansu da wata doka. Jimillar harajin da gari zai tara ba za ta ƙaru da fiye da kashi 2.5 cikin 100 a shekara ba, in aka cire abin da sabbin gine-gine suka kawo, sai fa in jama'ar garin sun yarda ta hanyar ƙuri'a. Abin da ya shigo kuwa masu jiransa suna da yawa: makarantu, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, gyaran titi, kwashe ƙanƙara lokacin hunturu. In rufin tsohon ɗakin taron gari ya fara yoyo, sai a ce ya jira baɗi. In wata gona da ke bakin gari ta shiga kasuwa, kafin a gama neman kuɗi magina sun saye ta sun yanka filoti. Wannan matsalar ce dokar ta zo magancewa.

Asalin dokar

Tunanin ya faro ne daga tsibirai. A 1983 aka kafa wa tsibirin Nantucket asusun sayen filaye, wanda ke karɓar kashi 2 cikin 100 na kuɗin duk gida ko filin da aka sayar. Tsibirin Martha's Vineyard ya bi sahu bayan 'yan shekaru. Masu fafutukar kare muhalli suka so a ba kowane gari a jihar irin wannan dama, amma dillalan gidaje da magina suka tsaya kai da fata cewa ba za a sa haraji a kan ciniki ba. Sai aka canja hanya. A 1998 garuruwan yankin Cape Cod suka samu nasu asusun, wanda ya dogara da ɗorin kashi 3 cikin 100 a kan harajin gida maimakon harajin ciniki. Wannan salon aka ɗauka aka faɗaɗa, aka haɗa masu kare daji da masu kare tarihi da masu neman gidaje wa talaka a inuwa guda, har Gwamna Paul Cellucci ya sa wa dokar hannu a watan Satumban 2000. Mutanen jihar CPA suke kiranta a taƙaice. Garin Bedford ne ya fara karɓarta a 2001. A yau fiye da rabin garuruwan jihar sun shiga, kuma abin da aka tara, na gari da na jiha, ya haura dala biliyan 3.

Yadda kuɗin ke taruwa

Ba a tilasta wa kowane gari shiga. Sai an kai maganar akwatin zaɓe, mafi rinjaye sun ce sun yarda. A wannan ƙuri'ar ce kuma ake yanke yawan ɗorin, wanda ba zai wuce kashi 3 cikin 100 ba, da waɗanda za a ɗauke wa. Garin da ya shiga ba ya iya fita sai bayan shekara 5.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton kashi 3 na darajar gidan ake nufi. A kan harajin ake ɗora shi. Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai. Gida ne da aka yi wa kima dala 500,000, a garin da ke karɓar dala 12 a kan kowace 1,000. Harajinsa na shekara dala 6,000 ke nan. Yawancin garuruwa sun zaɓi a cire dala 100,000 ta farko kafin a yi lissafin ɗorin, don haka saura 400,000, harajinta 4,800. In garin ya zaɓi kashi 3, maigidan zai ga ƙarin dala 144 a takardar harajinsa ta shekara. In kashi 1 ne, dala 48. Mai ƙaramin gida kuwa, wanda kimarsa ba ta fi 200,000 ba, rabin darajar gidansa ce ma kawai, ko ƙasa da haka, za ta shiga lissafi. Dokar ta kuma yarda gari ya ɗauke ɗorin ɗungurungum daga kan masu ƙaramin samu da tsofaffin da samunsu bai taka kara ya karya ba.

Kuɗin ba ya shiga babbar lalitar gari. Asusu na daban ake buɗe masa, kuma abin da ba a kashe ba bana yana nan har baɗi. Kowace shekara dole a kashe, ko a ware, aƙalla kashi 10 don filaye da sarari, kashi 10 don kayan tarihi, kashi 10 don gidaje. Sauran kashi 70 gari ke da zaɓi a cikin waɗannan da wuraren wasa, kuma abin da za a kashe wajen gudanarwa ba zai wuce kashi 5 ba. An hana amfani da shi wajen hidimar yau da kullum, irin su yankan ciyawa da albashin ma'aikatan da dama can gari ke biya.

Wa ke rabawa? Kwamiti ne na mutum 5 zuwa 9, wanda dole ya ƙunshi wakili daga hukumar kare muhalli ta garin, da ta tarihi, da ta tsara gari, da ta wuraren shaƙatawa, da ta gidaje. Kwamitin yana karɓar buƙatu, ya saurari jama'a, ya ba da shawara. Taron gari ko majalisar birni ce ke amincewa. Tana iya ƙin aiki ko ta rage kuɗinsa, amma ba ta iya kashe ko kwabo a kan abin da kwamitin bai kawo mata ba. Makulli biyu ke nan a ƙofa ɗaya, kuma a ganina wannan ne ginshiƙin amanar da dokar ta samu. Wanda ya biya dala 144 yana iya zuwa taro ya ji inda za ta tafi, ya tashi ya yi magana, bayan shekara kuma ya bi ta gaban ginin ya ga sabon rufi.

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Dokokin jihar suna rage wa manoma da masu daji haraji muddin ba su canja wa ƙasar aiki ba. Ranar da mai gonar ya so sayar da ita ga magini, gari yana da haƙƙin ya riga kowa saye a kan farashin da aka taya, cikin kwana 120. Ɗaliban fiƙihu za su ga kamarsa da shufu'a. To amma haƙƙin saye ba shi da amfani ga wanda aljihunsa ba kowa. Garin da ke da wannan asusu yana da kuɗi a ajiye, yana kuma iya cin bashi ya jingina da ɗorin shekaru masu zuwa. Filin da aka saya da kuɗin kuma sai an rubuta masa sharaɗi na har abada a takardarsa cewa ba za a canja masa aiki ba, kusan yadda muka san waƙafi.

Cikon jiha

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Jiha ta buɗe nata asusun, wanda ake cikawa da kuɗin da ake biya a ofisoshin rajistar takardun filaye. Duk wanda ya zo rajistar takardar sayen gida, ko ta jinginar gida ga banki, ko ta fansar jinginar, zai biya ƙarin kuɗi a kan kowace takarda, wanda da farko dala 20 ne. Wasu takardun dala 10 ne a lokacin. Sau ɗaya a shekara ake raba abin da ya taru ga garuruwan da suka shiga. Kashi 80 na asusun ana raba shi ne daidai da abin da kowane gari ya tara: ka tara da yawa, ka samu da yawa. Sauran kashi 20 ana raba shi a zagaye na biyu da na uku, ga garuruwan da suka ɗora cikakken kashi 3 kawai, da wani ma'auni da ke fifita ƙananan garuruwa da waɗanda dukiyarsu ba ta da yawa.

Shekaru shida na farko, daga 2002 zuwa 2007, kowane gari ya samu dala a kan dala. Garuruwan da suka shiga ba su da yawa, kasuwar gidaje kuma tana ci, takardu sai shigowa suke. Da wannan alkawari aka ci zaɓe a garuruwa da dama: ku ba da ɗaya, jiha ta ba ku ɗaya. A 2008 kasuwar gidaje ta rushe, masu zuwa rajista suka ragu, hannuwan da ke cikin akushin kuma suka ƙaru. Cikon ya faɗo zuwa wajen kashi biyu bisa uku a wannan shekara, a shekara mai bi ya koma wajen ɗaya bisa uku. A 2017 abin da zagayen farko ya bayar bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Majalisar jiha ta riƙa toshe ɓarakar da rarar kasafi a wasu shekaru, kamar dala miliyan 25 da ta zuba a 2013, sannan a 2019 ta ɗaga kuɗin rajistar zuwa dala 50 da dala 25. Cikon ya ɗan farfaɗo. Da kuɗin ruwa na bankuna ya tashi daga 2022, mutane suka rage saye da sabunta jingina, sai ya sake zamowa kusa da kashi 20.

Abin lura shi ne, faɗuwar ba ta zo da mamaki ba ga wanda ya duba tsarin. Asusun yana girma ne da yawan takardun da aka yi wa rajista, buƙatar garuruwa kuwa tana girma ne da yawan masu shiga da kuma hauhawar haraji. Babu abin da ya ɗaure waɗannan biyu wuri guda. Duk nasarar da dokar ta samu wajen jawo sabon gari, ragi ce ga rabon waɗanda suka riga shi.

Wa ya biya, wa ya kwasa

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Kuɗin rajista ɗaya ne ga kowa. Ma'aikaciyar asibiti da ta sayi ɗan ƙaramin gida a Springfield, da attajirin da ya sayi katafaren gida a Weston, abu ɗaya za su biya a kan kowace takarda. Kuma ana karɓa a ko'ina a jihar, ko garinka ya shiga ko bai shiga ba. Wajen rabo kuwa sai a duba wanda ya fi tarawa. Weston, ɗaya daga cikin garuruwan da suka fi arziki a jihar, ya shiga tun 2001 da kashi 3. Birnin Kambirij ma haka. Su suka ci shekarun dala a kan dala. Boston ta ƙi dokar a zaɓen Nuwamban 2001, bayan manyan 'yan kasuwa sun yaƙe ta, ba ta karɓe ta ba sai 2016, da kashi 1. Springfield, birni na uku a girma, sai 2016. Worcester, na biyu, sai 2022. Duk tsawon waɗannan shekaru mazauna biranen nan suna biya a teburin rajista, kuɗin yana tafiya garuruwan da suka fi su wadata. Tun 2007 wani bincike na Cibiyar Rappaport ta Jami'ar Harvard, wanda Robin Sherman da David Luberoff suka rubuta, ya ja hankali ga wannan karkata.

Masu kare tsarin suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Sukan ce ƙofa a buɗe take ga kowa, wanda bai shiga ba shi ya so. Sukan ƙara da cewa ba don kwaɗayin cikon ba, da garuruwa da yawa ba su yarda sun ƙara wa kansu haraji ba. Na yarda da batu na biyu ɗari bisa ɗari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma babu laifi jiha ta ce sai ta ga motsinka kafin ta taimake ka. Na farkon ne ban gamsu da shi ba. Birnin da rabin mazaunansa 'yan haya ne, masana'antunsa sun rufe, makarantunsa na kukan kuɗi, ba daidai yake da garin masu hali ba wajen ɗaukar ƙarin haraji, ko da dala 48 ce. In ma ya daure ya shiga, kashi 1 nasa ba zai tara wa kowane mutum abin da kashi 1 na garin attajirai zai tara ba, don haka cikonsa ma ƙarami ne. Mu a Nijeriya mun san ɗanɗanon wannan a wani fanni: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauki na tarayya, kuma an sha ganin kuɗin yana kwance a Abuja alhali azuzuwa na jiran rufi.

Shari'o'i biyu

Akwai kuma dalilin da ya sa birane suka yi jinkiri wanda ke cikin rubutun dokar kanta. An tsara ta ne da tunanin garin da ke da gona da daji da za a saya. Tsohon birni ba shi da gonar saye. Abin da yake da shi tsofaffin filayen wasa ne da suka lalace. Birnin Newton ya ware kuɗi don gyara irin waɗannan wurare guda biyu, wasu masu biyan haraji suka kai ƙara, kuma a 2008 kotun ƙolin jihar ta ce dokar ba ta yarda a gyara filin wasan da ba da kuɗinta aka saya ko aka ƙirƙira ba. Sai a 2012 majalisa ta gyara wannan. Ta kuma yarda gari ya ɗora kashi 1 ya cika sauran da wasu kuɗaɗen shigarsa, kamar harajin otal. Daga nan ƙarin birane suka shigo: Somerville, Salem da Fall River a 2012, New Bedford a 2014, Boston, Springfield, Holyoke, Pittsfield da Chelsea a 2016, Lowell a 2019. Sun iso ne lokacin da tuwon ya riga ya ja baya.

Shari'a ta biyu ta shafi wuraren ibada. A yawancin tsofaffin garuruwan yankin, ginin da ya fi kowane tsufa da kyau a tsakiyar gari coci ne. A 2016 taron garin Acton ya amince a ba wani coci da ke unguwar tarihi ta garin tallafi biyu, ɗaya don tsara yadda za a gyara gine-ginensa, ɗaya kuma, kimanin dala 51,000, don gyaran tagoginsa na gilashi mai launi, waɗanda ke ɗauke da zanen addini, har da hoton Annabi Isa kamar yadda Kiristoci ke suranta shi. Tsarin mulkin jihar ya hana kashe kuɗin jama'a wajen tallafa wa majami'a. A 2018 kotun ƙolin ta ce ba kowane tallafi ga ginin ibada ne haramtacce ba, sai an auna manufarsa da girmansa da haɗarin cusa hukuma cikin addini. Ta dakatar da kuɗin tagogin, ta mayar da ɗaya batun ƙaramar kotu. Tun daga nan kwamitoci suka ƙara taka-tsantsan, suna bambanta gyaran rufi da bango da hasumiya, waɗanda kowane mai wucewa ke gani, da abin da ya shafi ibada kai tsaye.

Kason gidaje

A cikin manufofin dokar, gidaje ne suka fi shan wahala. Kowa na son daji a bayan gidansa, ba kowa ke son a gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje a layinsa ba. Tunda dokar ta ce a kashe ko a ware, gari yana iya ware kashi 10 ɗin shekara da shekaru bai aza tubali ko ɗaya ba, kuma bai karya doka ba. Har ila yau sayen fili don a bar shi sarari yana iya zama hanyar toshe ginin da maƙwabta ba sa so. Kambirij ta nuna cewa ba dole ne abin ya zama haka ba, domin ta daɗe tana zuba kashi 80 na asusunta, iyakar abin da doka ta yarda, a gidaje. Sai dai garin da ya yi haka da wanda ya kulle kason a asusu, ciko iri ɗaya jiha ke ba su.

Abin da nake ganin ya kamata a gyara

Ban ga dalilin taɓa ɓangaren gari ba. Ƙuri'ar jama'a, asusu na daban, kwamiti da majalisa, sharaɗin har abada, duk sun yi aikinsu. Ma'aunin rabon jiha ne ke buƙatar hannu. Kashi 20 da aka keɓe don daidaito ya yi kaɗan, kuma sharaɗin sai ka ɗora kashi 3 ya rufe ƙofarsa ga waɗanda aka ce don su aka yi shi. Springfield da Holyoke da Worcester kashi 1.5 suka iya ɗauka, ma'aunin kuma yana fifita gari mai mutane kaɗan, alhali talaucin jihar ya fi taruwa a birane. Da za a ƙara girman wannan kaso, a buɗe shi ga duk wanda ya shiga, a auna ƙoƙarin gari da gwargwadon ƙarfinsa, da ɗorin Holyoke ya samu lada fiye da yadda yake samu yanzu. Haka kuma da za a ɗaura wani ɓangare na cikon a kan gidajen da aka gina aka shiga, da kuɗin da ke kwance ya motsa.

Gyaran da ya fi wuya shi ne na kuɗin rajistar kansa. Muddin dala 50 ce a kan takardar ƙaramin gida da ta katafaren gida, mai ƙaramin ne ke ɗaukar kaso mafi nauyi in aka gwada da abin da ya mallaka. Mayar da shi ya riƙa bin darajar ciniki zai gyara wannan, ya kuma sa asusun ya riƙa girma tare da farashin gidaje. Amma wannan shi ne ainihin harajin cinikin da dillalai suka kayar kafin 2000, kuma har yau garuruwan da suka nemi majalisar jiha ta ba su izinin sa irinsa don gina gidaje, ciki har da Boston da Somerville da Nantucket, suna ta jiran amsa.